Rigar Kariya da Manyan Laifuka a Gaban Kotunan Cikin Gida: Darasi daga Shari'ar Hissene Habre

A ranar 25 ga Nuwamba 2005 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Dakar ta ƙi duba buƙatar Beljiyam ta a miƙa mata Hissene Habre, tsohon shugaban Chadi, wanda ke zaune a Senegal tun da Idris Debi ya kore shi daga mulki a Disamban 1990. Kotun ta ce ba ta da hurumi, kuma cikin dalilanta har da cewa mutumin ya taɓa zama shugaban ƙasa, don haka kariyar muƙamin tana biye da shi ko bayan saukarsa. Shekara uku kafin wannan rana, a Oktoban 2002, ministan shari'ar Chadi ya riga ya rubuta wa alƙalin Beljiyam mai binciken cewa ƙasarsa ba ta nema wa Habre kowace irin kariya. Ƙasar da ke da haƙƙin yafa masa rigar ta ce ta tuɓe, amma kotun wata ƙasa ta ɗauko ta mayar masa.

Irin wannan ruɗani ya daɗe yana damun kotunan cikin gida duk lokacin da aka kawo musu jami'in wata ƙasa da ake zargi da kisan ƙare-dangi, ko laifukan yaƙi, ko cin zarafin bil'adama, ko azabtarwa. Asalinsa shi ne cakuɗa kariya iri biyu, alhali tushensu daban, wa'adinsu ma daban. Matsayin wannan maƙala shi ne ɗaya daga cikinsu ta cancanci a bar ta duk da ɗacinta, ɗayar kuwa ba ta da wurin tsayawa a gaban irin waɗannan laifuka. Sannan ƙasashenmu, da suka fi kowa kuka kan yadda Turawa ke amfani da damar gurfanar da jami'an wasu ƙasashe, su ne suka fi kowa sakaci wajen tanadar wa kotunansu dokar da za su yi aiki da ita.

Kariyar kujera

Ta farko tana tare da kujera ne. Shugaban ƙasa da shugaban gwamnati da ministan harkokin waje, muddin suna kan muƙami, kotun wata ƙasa ba ta da ikon kama su ko gurfanar da su, ko da laifin an aikata shi tun kafin su hau, ko da kuwa bai shafi aikin gwamnati ba. Ranar da suka sauka, ta faɗi.

Mutanen Nijar suna da dalilin sanin nauyin wannan ƙa'ida. A ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Brazzaville, ya yada zango a Njamena kan hanyarsa ta zuwa Paris, ya tarwatse a sararin hamadar Tenere ta Nijar. Mutum 170 ne a ciki, babu wanda ya tsira. A 1999 wata kotu a Paris ta yanke wa 'yan Libiya shida ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, har da Abdullahi Sanusi, mijin 'yar'uwar matar Gaddafi, shugaban Libiya na lokacin. Da iyalan mamatan suka nemi a haɗa da Gaddafi kansa, Kotun Ƙoli ta Faransa ta hana a Maris 2001, saboda shugaba ne mai ci. Bayan wata goma sha ɗaya Kotun Duniya ta ICJ da ke Hague ta ƙarfafa wannan layi. Wani alƙalin Beljiyam ya fitar da sammacin kama Abdulaye Yerodia Ndombasi, ministan harkokin wajen Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kan jawaban tunzura jama'a a kan 'yan Tutsi da ya yi a 1998. A ranar 14 ga Fabrairu 2002 kotun ta umarci Beljiyam ta soke sammacin, ta ce ta duba yadda ƙasashe ke yi ba ta ga an keɓe manyan laifuka daga wannan kariya ba. Fiye da shekara ashirin bayan haka alƙalan Paris suka sake gwada ƙofar da sammacin kama shugaban Siriya Bashar al-Assad kan harin makami mai guba na Ghouta a 2013. Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansu a 2024, amma a ranar 25 ga Yuli 2025 Kotun Ƙoli ta soke sammacin, domin lokacin da aka fitar da shi Assad yana kan mulki. Ta kuma nuna cewa tun da ya faɗi a Disamban 2024, ana iya fitar da sabo.

A ganina waɗannan kotuna sun yi daidai, ko da zuciya ba ta so. Dole ƙasashe su yi magana da juna, kuma galibi mutumin da hannunsa ya fi jini shi ne wanda ba a iya tsayar da yaƙi sai an zauna da shi. Idan kowane alƙalin bincike a kowace ƙasa zai iya tsare jirgin shugaban wata ƙasa, ba Assad kaɗai zai shafa ba, kuma ba alƙalan kirki kaɗai za su yi amfani da damar ba. Illar dai a fili take: Gaddafi ya yi shekara 42 a kan kujera, kuma bai sauka ya shiga hannun wata kotu ba. Ƙa'idar tana iya koya wa azzalumi cewa tsirarsa tana ga ƙin sauka. Amma maganin wannan yana hannun mutanen ƙasarsa, ko kuma kotun ƙasa da ƙasa irin ICC, wadda sashe na 27 na Yarjejeniyar Roma ya ce muƙami ba ya kare kowa a gabanta. Rigimar da ta sa shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, wanda ICC ke nema, ya bar taron Tarayyar Afirka a Abuja cikin gaggawa a Yulin 2013 ta wannan babi ce, ba tamu ba.

Kariyar aiki

Ta biyu ita ce mai wuyar sha'ani. Hujjarta ita ce abin da jami'i ya yi da sunan gwamnati aikin gwamnati ne, ba nasa ba, kuma ƙasa ba ta shari'ar 'yar'uwarta ƙasa. Kamar dogarin da ya yi bulala da umarnin fada: mai ƙorafi ya je fada, kada ya tare dogari a kasuwa. Wannan kariya ba ta da wa'adi, tana bin mutum har kabari, kuma ta haɗa kowa, daga kofur zuwa tsohon shugaban ƙasa. A harkokin yau da kullum tana da ma'ana. Jami'in da ya hana biza ko ya soke kwangila bai kamata a ja shi kotun wata ƙasa ba. Tambayar ita ce ko tana rufe wanda ya kafa gidan azabtarwa.

Shari'ar Augusto Pinochet ce ta fara tsaga ta a idon duniya. An kama tsohon shugaban Chile a Landan a ranar 16 ga Oktoba 1998 bisa sammacin alƙali Baltasar Garzon na Sifaniya, kuma a ranar 24 ga Maris 1999 alƙalai shida cikin bakwai na kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci suka ce ba shi da kariya kan azabtarwa. Sai dai sun taƙaita abin ga laifukan da aka yi bayan Disamban 1988, lokacin da Birtaniya ta amince da Yarjejeniyar Hana Azabtarwa, kuma kusan kowane alƙali da dalilinsa. A ƙarshe ma an sallami Pinochet a Maris 2000 bisa rashin lafiya. Tun daga nan masana ke neman ginshiƙin da za a ɗora hukuncin a kai, kuma biyu daga cikin waɗanda aka fi yawan kawowa ba su da ƙwari.

Na farko yana cewa azabtarwa da kisan gilla ba aikin gwamnati ba ne, saboda haka wanda ya yi su ya yi ne a ƙashin kansa. Wannan dabara ce ta kauce wa wata jimla a hukuncin Yerodia, inda kotun ta ce ana iya gurfanar da tsohon minista kan abin da ya yi a ƙashin kansa lokacin yana ofis, ta yi shiru a kan sauran. Amma duk wanda ya san yadda aka mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990 ya san maganar ba gaskiya ba ce. Hukumar 'yan sandan ciki ta DDS an kafa ta da dokar shugaban ƙasa, tana ƙarƙashin ofishinsa kai tsaye, ma'aikatanta na karɓar albashi. Ɗaya daga cikin gidajen yarinta a Njamena tsohon wurin wanka ne na zamanin Turawa, aka rufe samansa da siminti, aka yayyanka cikinsa ƙananan ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, ana cusa mutane da yawa a ɗaki guda cikin zafin bazarar Chadi. Akwai ɗaurin da suka shahara da shi, inda ake haɗa hannuwa da ƙafafu ta baya a tamke har jini ya daina gudu, wasu suka shanye har abada. A 2001 Reed Brody da abokin aikinsa na ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar hukumar suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura: rahotannin yau da kullum, jerin fursunoni, takardun shaidar mutuwa, da rahotannin da ake aika wa shugaban ƙasa. Da aka tantance su aka sami sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe a tsare, da 12,321 da aka ci zarafinsu. Kwamitin binciken da Chadi ta kafa ya ƙiyasta mamatan zamanin da 40,000 a rahotonsa na 1992. Wanda ke aiki a ƙashin kansa ba ya buga hatimi, ba ya ajiye kwafi. Akwai kuma wata illa: idan aka ce ba aikin gwamnati ba ne, an buɗe wa gwamnatin kanta ƙofar zame wa alhakin diyya.

Ginshiƙi na biyu yana cewa haramcin waɗannan laifuka yana cikin dokokin da ba a keta su ko da yardar ƙasashe, don haka ya fi ƙarfin kariya. Magana ce mai daɗin ji, amma Kotun ICJ ta karya ta a 2012 a shari'ar Jamus da Italiya, inda ta ce kariya batu ne na wace kotu ke da ikon zama, haramci kuwa batu ne na ko an yi laifi, don haka ba sa karo. Kotun ta bayyana cewa tana magana ne kan ƙarar diyya a kan ƙasa, ba shari'ar laifi a kan jami'i ba, amma dalilin nata ya isa ya hana a jingina da wannan ginshiƙi.

Hujjar da ta tsaya, a fahimtata, ta fi waɗannan sauƙi. Kariyar aiki ta ginu ne kan cewa alhakin aikin na ƙasa ne ita kaɗai. Tun 1945 kuwa ƙasashe da kansu suka ware wasu ayyuka suka ce alhakinsu yana kan ƙasa, yana kuma kan wuyan mutumin da ya aikata. Sashe na 7 na dokar kotun Nuremberg ya faɗi haka, sashe na 4 na Yarjejeniyar Hana Kisan Ƙare-dangi ta 1948 ya ambaci masu mulki da jami'ai ƙarara. Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 ta fi su fitowa fili: a sashenta na farko ta ce azabtarwar da take nufi ita ce wadda jami'in gwamnati ya yi ko aka yi da yardarsa, sannan ta wajabta wa ƙasar da aka sami wanda ake zargi a cikinta ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi. Idan kowane jami'i yana da kariyar aiki, to yarjejeniyar ta umarci a gurfanar da mutanen da dukkansu ba a iya gurfanarwa. Ba a fassara doka ta yadda za ta kashe kanta.

Abin da Dakar ta bari

Waɗanda suka bi Habre sun yi haƙurin da ya kai a ambata. Souleymane Guengueng, ma'aikacin lissafi da ya fito daga kurkuku da ƙyar, ya tattara bayanan ɗaruruwan mutane ya ɓoye. Lauyarsu Jacqueline Moudeina an jefa mata gurneti a Njamena a 2001, ba ta janye ba. An fara tuhumar Habre a Dakar a Fabrairun 2000, kotunan Senegal suka rushe tuhumar a 2001 don dokar ƙasar ba ta ba su hurumi kan azabtarwar da aka yi a waje ba. A 2006 Tarayyar Afirka ta ce Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka, a 2010 kotun ECOWAS ta ce sai dai a kotu ta musamman, a ranar 20 ga Yuli 2012 Kotun ICJ ta ce Senegal ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba ko ta miƙa shi. Daga nan aka kafa kotuna na musamman a cikin tsarin shari'ar Senegal. An fara zama a Yulin 2015 ƙarƙashin alƙali Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso. Habre ya ƙi amincewa da kotun, sai da aka shigo da shi da ƙarfi, ya zauna cikin farar riga da rawani da baƙin tabarau bai ce uffan ba, shaidu sama da 90 suna wucewa ta gabansa. A ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aka tabbatar a Afrilun 2017, tare da diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Ya mutu a Dakar a Agustan 2021.

Ana yawan kawo wannan shari'a a matsayin shaida cewa kariyar aiki ta mutu. Ba ta kai haka ba. Chadi ta riga ta janye kariyar, kuma dokar da ta kafa kotun ta ce muƙami ba ya kare kowa, don haka alƙalan ba su fuskanci tambayar da muke yi ba: me zai faru idan ƙasar jami'in ta tsaya kai da fata ta ce namu ne, aikinmu ya yi?

Amsar ta fito ne daga wasu wurare. A 2012 Kotun Laifuka ta Tarayyar Suwizalan ta hana Khaled Nezzar, tsohon ministan tsaron Aljeriya, fakewa da kariya. A ranar 28 ga Janairu 2021 babbar kotun tarayyar Jamus ta ce kariyar aiki ba ta hana hukunta wani tsohon hafsan sojan Afganistan kan laifukan yaƙi ba, kuma a 2024 majalisar dokokin ƙasar ta rubuta ƙa'idar cikin doka. A ranar da Kotun Ƙoli ta Faransa ta soke sammacin Assad, ta kuma yanke cewa Adib Mayaleh, tsohon gwamnan babban bankin Siriya, ba shi da kariyar aiki kan zargin hannu a laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama. Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da daftarin sashe na 7 mai wannan ma'ana a 2017, amma da ƙuri'a 21 a kan 8, alhali al'adarta ita ce yanke magana da yardar kowa. Amurka da Rasha da Sin suna cikin masu ja. Saboda haka gaskiyar magana ita ce ƙa'idar ta yi nisa wajen kafuwa, tana da hujja mafi ƙarfi, amma manyan ƙasashe ba su sallama ba.

Kukan Afirka

Kuka ne mai tushe. A 2003 da aka shigar da ƙarar tsohon shugaban Amurka George Bush babba da Janar Tommy Franks na sojan ƙasar a Brussels, sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya yi barazana kan zaman hedikwatar NATO a birnin, kafin ƙarshen Agusta Beljiyam ta soke dokarta mai faɗin hurumi. A 2007 aka kai ƙarar Rumsfeld kansa a Paris kan azabtarwa a Iraƙi da Guantanamo, mai gabatar da ƙara ya yi watsi da ita bisa dalilin kariya, alhali mutumin tsohon minista ne. Shekara guda bayan haka aka kama Rose Kabuye, babbar jami'a a fadar shugaban Ruwanda, a filin jirgin Frankfurt bisa sammacin alƙalin Faransa. Wanda ya jera waɗannan ya ce akwai son kai bai yi ƙarya ba.

Inda nake rabuwa da shugabanninmu shi ne maganin da suka zaɓa. A Malabo a 2014 suka amince da kafa sashen manyan laifuka a kotun Afirka, sai suka saka sharaɗin cewa ba za a tuhumi shugaba mai ci ba, har da sauran manyan jami'ai, ba tare da fayyace su wane ne ba. Don wasu sun tsira ba a kama su ba, sai aka nemi a faɗaɗa tsirar. Wanda ya yi asara a nan ɗan Afirka ne da aka azabtar. Ousman Sonko, ministan cikin gidan Gambiya a zamanin Yahya Jammeh, an ɗaure shi shekara 20 a Mayun 2024, amma a Suwizalan, kuma 'yan Gambiya ne suka yi tattaki zuwa can don ba da shaida. Gini ta nuna ana iyawa a gida da ta ɗaure tsohon shugaban mulkin sojanta Musa Dadis Kamara shekara 20 a Yulin 2024 kan kisan filin wasa na Conakry na 2009, sai kuma aka yi masa afuwa a Maris 2025.

A Najeriya in aka ce rigar kariya, sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ake nufi, wanda ya rufe shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu har su sauka. Wannan kariya ce ta cikin gida, kuma bai keɓe manyan laifuka ba. Kenya ta keɓe: sashe na 143 na tsarin mulkinta na 2010 ya ce kariyar shugaba ba ta kai ga laifin da wata yarjejeniya da ƙasar ta shiga ta hana kariya a kansa ba. Amma matsalarmu ta riga 308 zuwa. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Roma a Satumban 2001, sashe na 12 na tsarin mulki kuwa ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita, kuma an sha gabatar da ƙudurin bai zama doka ba. Abin da ke hannun alƙali shi ne tsohuwar dokar Yarjejeniyoyin Geneva ta 1960 da Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, ya zauna a Kalaba daga 2003, aka kama shi a Gamboru Ngala a Maris 2006 yana ƙoƙarin tsallakawa Kamaru, aka tura shi waje. A Disamban 2020 mai gabatar da ƙara ta ICC, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin zargin Boko Haram da jami'an tsaron Najeriya da laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama, kuma Yarjejeniyar Roma tana ba kotunan gida fifiko ne idan da gaske suna yi. Nijar ta shigar da waɗannan laifuka cikin kundin laifukanta tun 2003, kuma da ta sanar da ficewa daga ICC tare da Mali da Burkina Faso a Satumban 2025, nauyin ya ƙara komawa kan alƙalanta.

Kirana ga Majalisar Tarayya da Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya shi ne a zartar da dokar manyan laifuka, a rubuta a cikinta ƙarara cewa kariyar aiki ba ta rufe jami'in kowace ƙasa, namu ko na waje, a bar kariyar kujera ga shugaban ƙasa da shugaban gwamnati da ministan harkokin waje har su sauka, sannan a kai batun sashe na 308 gaban kwamitin gyaran tsarin mulki.